A Goge Shi Tas

Dubai, 12 ga Oktoba

Zuwa ga Baba Kaumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da duk mutanen gidanmu na Roni. Yaya ƙafar? Ƙanwata Bilqis ta ce da ka ji sauƙi sai ka ajiye maganin. Baba, don Allah a ƙarasa shi. Ni lafiyata ƙalau, zafin garin nan ma ya fara sauka.

Na san ka ce waya ta ina kwana ce kawai, maganar kirki a takarda ake yin ta, shi ya sa na zauna na rubuto. Alhaji Sama'ilu na Kazaure ya zo sarin turare, shi zai kawo maka ita tare da wani kwali. A buɗe kwalin a hankali, kada a sa masa wuƙa.

Abin da ke ciki irin kayan da muke sayarwa ne a shagon da nake aiki, sunansa sitirima. Ɗan baƙin akwati ne, ba shi da bakin sa kaset, ba shi da wurin ɗora faifai. Aikinsa ya janyo waƙa daga intanet ya miƙa wa sifikunka. Amma ba irin janyowar waya ba, wadda ke matse sauti har ganga ta koma kamar ana buga kwano. Wannan yana kawo waƙa yadda aka ɗauke ta, har numfashin mai busa za ka ji. Wani attajiri ne ya dawo da shi ya ɗauki wanda ya fi shi, maigidana ya bar min da sauƙi. Bilqis ta san yadda za ta haɗa shi da solarka. Babu allura, babu karce, babu tashi juya faifai ana tsakiyar daɗi. Duk faya-fayan garmahon da ka tara tun kana hedimasta ba su kai loma ɗaya ba a abin da zai kawo maka.

Kai ka koya min saurare. Da ka ɗauko ni bayan rasuwar yayanka, mahaifina, kakan zaunar da ni tsakanin sifiku biyu ka ce in rufe ido in faɗa maka ta wane gefe mai kalangu yake. Da kunnen nan nake cin abinci yanzu, to ga tukuici.

Sai babbar maganar, kaset ɗin Inna Bintu. Tun da Allah ya yi mata rasuwa na san kullum kana sa shi, kuma nan kaɗai muryarta ta rage. Da Babbar Sallah na kara wayata a bakin sifika na ɗauka, amma da na dawo na saurara sai kukan awaki da iska da tarin Bilqis suka rufe ta. Na goge shi, don ba haka ya kamata a ji Inna ba. Ina roƙo ka aiko min da kaset ɗin kansa. Muna da injin da zai kwafe shi ba tare da ya rasa komai ba, in sa ta cikin akwatin ta zauna har jikokinmu su ji.

A gaida Bilqis da mai gidanta, da Gwaggo Dela in an je Babura.

Ɗanka,
Mu'azzam

*

Roni, 20 ga Nuwamba

Ɗana Mu'azzam,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso, kwalinka ya iso, Alhaji Sama'ilu ya sha ruwa ya wuce. Muna lafiya. Gero ya shiga rumbu, dawa ta yi kyau, gyaɗa ce ta ba mu kunya bana. Ƙafa da sauƙi. Magani na sha abin da na sha, ka gaya wa Bilqis ta ji da 'yan makarantarta na Gwiwa ta daina kai ƙarata ƙasashen waje. Idon dama ne ke min hazo, shi ya sa za ka ga rubutuna yana hawa yana sauka.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Bilqis ta zo ran Asabar ta haɗa abin. Ba zan yi maka ƙarya ba, yana da murya. Ta nemo min wani mai molo daga can yamma, har zamewar yatsansa a kan tsirkiya na ji. Na jinjina masa.

Amma ka manta a bayan dutse muke. Sabis a nan leƙowa yake yi ya koma. Waƙa na tsakiyar daɗi sai ta tsaya cak, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar akwatin, ni kuma na saki baki ina jira. Garmahona bai taɓa tsayawa neman izinin kowa ba. Sannan Bilqis ta ce duk wata sai an biya, in ba a biya ba ya ja bakinsa ya yi shiru. Ashe waƙoƙin ba nawa ba ne, haya ce. To na raɗa masa suna Ɗan Haya. Faifaina kuwa ko karcen da ke jikinsa nawa ne, na san ranar da aka yi shi da wanda ya yi shi, kuma yawancinsu aikin hannunka ne.

Maganar kaset, a'a.

Ba ka san yadda aka yi shi ba. Shekarar da na sayo rikodata ta farko a Kano ina neman abin gwaji, sai na ji Innarku da ƙanwarta Dela suna daka a tsakar gida, tana wata waƙa da Barbarci da ta koya wurin kakarta. Na laɓe bayan zana na danna. Daga ranar ba ta sake yarda ta yi ba, ta ce matar malami ba zabiya ba ce. Ni kuwa Barbarcina na gaisuwa ne da ciniki, rabin abin da take faɗa ba na ganewa, ban kuma taɓa tambayarta ba don ina ganin akwai lokaci.

Yanzu in na yi walha sai in sa shi, gidan ya cika, in ya ƙare in tashi in shiga harkokina. Shi kake cewa in sa a jakar ɗan kasuwa tsakanin kwalaben turare ya hau jirgi? In ya tafi, da me zan riƙa buɗe safiyata? Ina kewarta, Mu'azzam, fiye da yadda nake nuna wa mutane. Ka bar min abina.

Babanka,
Kaumi

*

Dubai, 16 ga Disamba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi maka ya jiki. Maganar idon nan ta tsaya min a rai, don Allah a je a duba shi kada a bari ya yi nisa.

Na karanta wa abokan aikina sunan Ɗan Haya, yanzu haka duk shagon ke kiran kayan. Na yarda, haya ce. Amma abin da na kwafa da hannuna na zuba a cikinsa ba haya ba ne, ba ya jiran sabis, ba ya jiran biya. Naka ne kamar faifanka.

Baba, ka yi haƙuri zan faɗi abin da ka fi ni sani. Duk sawar da ka yi wa kaset, kan rikoda yana kankare wani abu daga zaren. Da Sallah na lura sautin taɓarya ya dushe, ba ya fita tar kamar yadda na san shi ina yaro. Kai ma kunnenka ya ji, na ga ka ƙara murya. Zaren nan ya girme ni. Wata rana zai tsinke, ko ya shuɗe a hankali kana ji kana gani.

Ba raba ka da ita nake son yi ba. Ni ma ita ta goya ni, ni ma ina son in ji ta. Wata ɗaya kawai nake roƙo, tafiyar Alhaji da dawowarsa.

Ɗanka,
Mu'azzam

*

Roni, 18 ga Fabrairu

Mu'azzam,

Sallama da gaisuwa. Muna nan lafiya, sai ido. Na yi maka shiru ne don na ji haushi, kuma na ji haushin ne don gaskiya ka faɗa. Ka daina damun Bilqis da tambayar ko fushi nake. Fushi nake, amma ya wuce.

Ran Talata abin da ka tsorata ya faru. Tana cikin waƙa sai muryar ta yi wani irin ja, ta murɗe. Na kai hannu na kashe, amma rikoda ta riga ta tauna zaren. Na zauna da biro da allura ina zaro shi, idona ɗaya ba ya gani. Wurin da ya yamutse sai da na yanke, kamar tsawon ɗan yatsa, na aro jan farce gidan maƙwabta na liƙe. Yana yi yanzu. Amma akwai kalma ɗaya da ta tafi, tana tsallake ta, kuma ban san me kalmar take nufi ba balle in nemo ta. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Kada ka yi murna da yawa, Ɗan Hayarka ma ba amintacce ba ne. Mai molon nan da na saba da shi, na tashi da safe na neme shi babu. Bilqis ta duba ta ce masu abin sun janye shi. Ko sallama bai yi min ba.

To na yarda. Likita ya ce yanar ido ce, za a yi min aiki a Kano farkon wata mai zuwa, zan kuma zauna can gidan wani tsohon ɗalibina har a cire bandeji a sake dubawa. Na zaɓi lokacin ne da gangan, don in kaset zai bar gidan gara ya bar shi ba na nan. Makullin akwatina da nake ajiye kaset ɗin yana hannun Bilqis. Ka rubuta mata yadda za ta shirya shi, ni ba zan iya karatu ba a lokacin.

Amana ce na ba ka. Ka dawo min da ita.

Babanka,
Kaumi

*

Dubai, 4 ga Maris

Ƙanwata Bilqis,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya makaranta? Ya jikin Baba? Allah ya sa a yi aikin a sa'a. Ina rubutu a gurguje, Alhaji Sama'ilu yana tsaye a kaina zai wuce filin jirgi, ya ce bayan mako biyu zai juyo.

Kaset ɗin Inna yana cikin akwatin Baba, shi ne mai jan rubutu a jiki. Ki ɗauko shi. A goge shi tas, gaba da baya, kada a bar komai a kai, don injin da zan sa shi ba ya karɓar kaset sai a goge. Sannan ki naɗe shi a ƙyalle mai laushi, ki sa a ƙaramin gwangwani, ki ce wa Alhaji ya riƙe a jakar hannu, nesa da sifika da zafin rana.

Ki gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa, muryar Inna ya ɗauka tana hannuna. In na gama gyara ta zan dawo masa da kaset ɗinsa da ita, ya ji ta fes kamar yau aka ɗauka.

Yayanki,
Mu'azzam

*

Gwiwa, 19 ga Maris

Yaya Mu'azzam,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa, ya ibada? Muna lafiya, yara suna gaishe ka, 'yata Nafisat ta ce a tuna maka alkawarin jakar makaranta. Albishirinka, an yi wa Baba aiki lafiya. Da aka cire bandeji abin da ya fara cewa shi ne ashe na yi ƙiba haka. Ka ji shi, ko a gadon asibiti bai bar tsokana ba.

Saƙonka na cika shi yadda ka ce, amma sai da na sha wuya. Ka san yanzu babu mai harkar kaset, kowa ya koma tura waƙa a memori. Na zaga Roni ban samu ba, sai a kasuwar Kazaure aka nuna min wani dattijo, Malam Lauwali, da ke da tsohon injinsa a ƙarƙashin tebur. Sai da ya karkaɗe shi ya jona. Ya tambaye ni har sau biyu, ya ce Malama kin tabbata, akwai murya a kai. Na ce na tabbata, yayana ya ɗauke ta a waya tun da Sallah, a gabana aka yi, gyara ta yake a Dubai zai sake ɗorawa, shi ya sa yake son kaset ɗin babu komai, kamar yadda ake goge memori kafin a zuba sabo. Ya ce to haka ne, ilimi ya ci gaba. Ya goge gaba ya goge baya, ya sa min na saurara, babu komai sai shuuu. Ko kuɗi bai karɓa ba da ya ji na marigayiya ne.

Ba zan ɓoye maka ba, kafin ya danna na ce ya bari in ɗan ji ta, na yi kuka a tsakiyar kasuwa. Amma na ce ai dawowa za ta yi, ta fi da kyau.

Ga shi nan a gwangwanin madara, na naɗe shi da ɗankwalin Inna. Don Allah ka hanzarta, Baba zai koma gida kafin Sallah, kuma ka san abin da zai fara nema.

Ƙanwarka,
Bilqis

*

Dubai, 11 ga Afrilu

Bilqis,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, in akwai barka. Ina fata ke da yara kuna lafiya. Tun ranar da na kira ki ba ki sake ɗaukar wayata ba, kuma ban ga laifinki ba. Abin da na faɗa miki, cewa malamar makaranta guda ba ta iya karanta layi biyu ba, ban da bakin maimaita shi. Ki yafe min.

Na ɗauko kwafin takardar da na rubuta miki, wanda na ɗauka a hoto, na karanta ta kamar ba ni na rubuta ba. Ƙura nake nufi, Bilqis. Ƙura da maiƙon hannu da ke jikin robar, a sa tsumma a goge. Amma ban rubuta ƙura ba, ban rubuta tsumma ba. Na rubuta kada a bar komai a kai, na kuma rubuta muryar tana hannuna. Wanda na ɗauka da Sallah kuwa tun bara na goge shi daga wayata don bai yi wa kunnena daɗi ba. Baba na gaya wa, ke ban gaya miki ba. Da na bar shi da awakinsa da tarinki, da yau muna da Inna.

Duk da na karanta takardarki ban yarda ba. Na roƙi maigidana ɗakin da muke sa wa attajirai kiɗa, wanda bangonsa ke shanye ƙara. Akwai wani makanikinmu, Musaddiƙ, mutumin Pakistan, ya haɗa min injin da ya fi kowanne a shagon. Muka sa kaset, muka ƙure murya. Wani lokaci gogewa takan bar ɗan saura a ƙasa. Na rufe ido na kasa kunne har gefen ya ƙare, aka juya, na sake kasawa. Sau ɗaya na ce na ji taɓarya, Musaddiƙ ya duba allonsa ya girgiza kai, ya ce bugun zuciyata nake ji. Injin Malam Lauwali ya iya aikinsa.

Na nemi wayar da na goge, na kai wa masu dawo da abin da ya ɓace, sun ce an daɗe da rubuta wasu abubuwa a kai. Na bincika cikin waƙoƙin nan na intanet da nake wa Baba alfahari da su, na rubuta Barbarci, na rubuta waƙar daka, na saurari mata da yawa. Babu mai yin tata.

Kada ki gaya wa Baba tukuna. Ki ce aikin ne ke da tsawo. Ban san me nake jira ba, amma ba zan iya ba yanzu.

Yayanki,
Mu'azzam

*

Roni, 26 ga Mayu

Ɗana Mu'azzam,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ido ya buɗe, ga rubutuna ya miƙe ka gani. An yi ruwan farko shekaranjiya, mutane sun fita shuka. Ina fata kana cin abinci, don Alhaji Sama'ilu ya ce ka rame.

Na sani, saboda haka ku daina wahalar da kanku. Tun da na dawo nake tambayar Bilqis, tana cewa aikin ne ke da tsawo, tana kallon ƙasa. Kai kuma ka zo kana gaishe ni a waya kamar mai tsallake wuta. Na ɗauka jirgi ne ya ɓatar da shi kuke jin nauyin faɗa. Ran Juma'ar da ta wuce na shiga Kazaure karɓar tabarau, sai wani dattijo ya tare ni da fara'a, ya ce an nuna masa ni, ni ne mijin marigayiyar, ko an dawo da muryar a kan kaset ɗin da ya goge? Na ce masa ana hanya. Na nemi benci na zauna.

Ba zan ce maka ban ji ciwo ba. Ranar da aka binne ta mutane sun cika gida, akwai abin yi, akwai masu riƙe ni. Wannan karon ni kaɗai na hau babur na dawo, kuma ya fi min wancan zafi. Na yi kwana biyu ba na son ganin kowa. Na yi fushi da kai, na yi fushi da Bilqis, na yi fushi da bawan Allahn da ya yi aikinsa kyauta. Da fushin ya gaji ya kwanta, sai na ga babu wanda ya taɓa kaset ɗin nan sai don yana son ta.

Na je Babura wurin Dela. Ta tsufa ƙwarai, sai an ɗaga murya. Na ce ta yi min waƙar. Ta kama karin, ta yi amshi, daga nan ta tsaya. Ta ce ita amshi kawai take yi dama, baitocin na Bintu ne, wasu na kakarsu wasu ita ke ƙarawa da kanta. Jikarta ta kawo fura, babu wanda ya sha.

Ƙanwarka ta daina zuwa Roni, aike take yi. Wannan ba zan lamunta ba. Na rasa uwar, ba zan rasa 'yar a kan kalma ɗaya ba. Ka rubuta mata, ni ma na aika a kira ta. Kai kuma kada ka bar aikinka, Alhaji ya ce kana maganar haka. Kunnenka ba shi ya yi laifi ba.

Abu ɗaya nake so. Ka dawo min da kaset ɗina yadda yake, kada ka ɗora komai a kai, ko karatu ne.

Babanka,
Kaumi

*

Roni, 21 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Na samu takardunka duka biyu, na karanta, ban iya amsawa ba sai yau. Na yafe maka, kai ma ka yafe min. Muna lafiya, damina ta zauna, gero ya kai gwiwa. An yi hutu, na kwaso yara mun dawo Roni wurin Baba. Da na shigo na durƙusa zan yi magana, ya ce in tashi in ɗora masa shayi, maganar ke nan har yau.

Jikinsa lafiya, yana cin abinci, yana zuwa masallaci. Ɗan Haya yana nan, yakan kunna wa yara da yamma in sabis ya zo. Amma akwai abin da ya kamata ka sani, don ni kaɗai ya yi min nauyi.

Gwangwanin ya iso tun watan jiya. Kullum in ya yi walha sai ya sa kaset ɗin a rikoda ya danna, ya jingina da bango ya rufe ido. Babu abin da ke fita sai shuuu ɗin nan. Ranar farko na gudu madafa. Daga baya na fara zama a bakin ƙofa. Yana kaɗa yatsa a gwiwa daidai bugun taɓarya, leɓensa na motsi. Can wajen tsakiya sai na ga ya yi murmushi ya ce, “Babu komai, ci gaba da dakanki.”

Na ce, “Baba, da wa kake?”

Ya ce, “Nan ne ta hango ni bayan zana, ta ce Malam me kake ɓoyewa a riga. Ba ki ji ba?”

Na ce na ji.

Haka yake yi kullum, a wuri ɗaya, ba ya kuskurewa. Har na fara samun sauƙi, na ce ashe tana nan a kansa, babu injin da zai kai can.

Jiya ya sa, na zauna. Yatsan ya fara bugu, can sai na ga ya rage, ya tsaya, ya sake kamawa, ya sake tsayawa. Na jira murmushin bai zo ba. Zaren ya yi ta tafiya har ya ƙare, rikoda ta yi ƙas ta kashe kanta. Ya buɗe ido ya dube ni, Yaya, ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baba ba sai jiya.

Ya ce, “Bilqis, ta wuce ban ji ta ba. Mayar min baya kaɗan.”

Na durƙusa gaban rikodar na danna, zaren yana komawa, yana kallon hannuna yana jira. Ban san inda zan tsaya ba.

Ƙanwarka,
Bilqis